Wa Ke Raɗa wa Ɗan Fashi Suna? Jaridun Meziko da Tarihin Kudancin Sakkwato

A ƙarshen Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Taiwo Taiwo, ta yanke hukuncin cewa gungun mutanen da ake kira 'yan bindiga a arewa maso yammacin Nijeriya 'yan ta'adda ne a idon doka. A farkon Janairu 2022 gwamnatin tarayya ta buga hukuncin a jaridarta ta hukuma. A cikin daji babu abin da ya sauya a ranar. Baburan nan dai su ne, bindigogin su ne, mutanen ma su ne. Suna ne ya sauya, kuma sunan ya zo da izini, domin abin da doka ta yarda a yi wa ɓarawon shanu daban yake da abin da ta yarda a yi wa ɗan ta'adda.

Duk mai sauraren rediyo a Tambuwal ko Kebbe ya san jerin sunayen da aka bi kafin a iso nan: ɓarayin shanu, mahara, 'yan fashin daji, 'yan bindiga daɗi, ɓarayin daji, 'yan ta'adda. Kowane suna yana ɗauke da nasa bayanin inda cutar ta samo asali, yana kuma nuna irin maganin da za a nema. In ɓarawo ne, aikin ɗan sanda da alƙali ne. In ɗan tawaye ne, akwai maganar sulhu. In ɗan ta'adda ne, sai jirgin yaƙi.

Akwai ƙasar da ta yi kusan ƙarni guda tana wannan muhawara a shafukan jaridunta, wato Meziko ta ƙarni na 19. Yadda 'yan bokonta suka fahimci ɗan fashi, da abin da fahimtar ta ɓoye musu, zai taimaka mana mu sake karanta tarihin kudancin Sakkwato, daga zamanin ribaɗi har zuwa Satiru da Bakolori.

Ƙasar da fashi ya zame mata tambari

Meziko ta sami 'yancin kai daga Sifen a 1821, amma ba ta sami zaman lafiya ba. Juyin mulki ya bi juyin mulki, Amurka ta ƙwace kusan rabin ƙasarta a 1848, sannan yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sauyi daga 1858 zuwa farkon 1861. Kafin a huta sai Faransa ta shigo da sojoji a 1862, ta naɗa Maximilian sarki, aka ci gaba da gwabzawa har 1867. Kowane yaƙi ya ƙare ya bar dubban matasa da bindiga da doki, babu albashi, babu gona.

Hanyar da ta haɗa tashar jiragen ruwa ta Veracruz da babban birnin ƙasar ta yi ƙaurin suna, musamman mashigar duwatsun Río Frío. Matafiya na wancan zamani sun bar labarin keken dawakin fasinja da akan tare sau da yawa a tafiya guda, har waɗanda suka zo daga ƙarshe su rasa abin ɗauka sai tufafin jiki, fasinjoji su shiga birni suna rufe tsiraici da takardun jarida. A yankin Morelos, ƙasar noman rake, wata ƙungiya da ake kira Plateados, saboda azurfar da suke ƙawata tufafinsu da sirdinsu da ita, ta mamaye ƙauyuka a farkon shekarun 1860. Suna sace mutane don kuɗin fansa, suna karɓar kuɗin kariya daga masu gandaye da fatake. Da yawansu sun yi yaƙi a ɓangaren masu ra'ayin sauyi, aka sallame su hannu rabbana.

Su wane ne waɗannan masu ra'ayin sauyi? Lauyoyi ne da 'yan jarida da malaman makaranta, jagoransu Benito Juárez. Aƙidarsu ita ce doka ɗaya ga kowa, a raba coci da mulki, a buɗe kasuwa, kuma ƙasar noma ta zama mallakar mutum ɗaya mai takarda wanda zai iya sayarwa ko jinginarwa. A ganinsu ci gaba hanya ce miƙaƙƙiya wadda Ingila da Amurka suka riga suka bi. Manyan muryoyinsu jaridu biyu ne, El Siglo Diez y Nueve da aka kafa a 1841, wadda Francisco Zarco ya daɗe yana yi wa edita, da El Monitor Republicano ta Vicente García Torres.

Abin da jaridun suka gani, da abin da suka kau da kai daga gare shi

A shafukan waɗannan jaridu ɗan fashi ya zama ma'aunin ci bayan ƙasa. Sun ɗauke shi ragowar tsohon zamani, ɗan jahilci da lalaci da mulkin limaman coci, mai kunyata Meziko a gaban masu zuba jari na Turai. Magani kuwa a bayyane yake a wurinsu: layin dogo, wayar tangaraho, makaranta, takardar mallakar ƙasa, da hukunci mai tsanani.

Kalmar ta kuma zama makamin siyasa da kowane ɓangare ke jifan abokin gabarsa da shi. Masu ra'ayin sauyi suna kiran dakarun masu ra'ayin riƙau 'yan fashi. Da Maximilian ya hau mulki, dokarsa ta 3 ga Oktoba 1865 ta mai da duk wanda aka kama da makami a ɓangaren Juárez ɗan fashi, a yi masa shari'ar soja a kashe shi cikin kwana guda. Da masu ra'ayin sauyi suka dawo, su da suka rubuta tsarin mulkin 1857 mai cike da haƙƙoƙin ɗan ƙasa, sai ga shi a 1869 sun kafa dokar da ta jingine waɗannan haƙƙoƙi ga masu tare hanya da masu satar mutane, aka riƙa sabunta ta shekara bayan shekara. Tun a 1861 Juárez ya kafa rundunar 'yan sandan karkara, Rurales, kuma a farkon kafa ta an ɗauki wasu daga cikin mutanen da aka kafa ta don farauta. Daga baya aka san ta da wata al'ada, a harbe fursuna a kan hanya a rubuta cewa ya yi yunƙurin tserewa.

Abin da jaridun ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne rawar da ci gaban da kansa ya taka. Dokar Lerdo ta 25 ga Yuni 1856 ta tilasta sayar da filayen da ke hannun coci da na al'ummomi, ciki har da gonaki da dazuzzukan ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, waɗanda gari ke mallaka a dunƙule tun kaka da kakanni. Niyyar ita ce a samar da ƙananan manoma masu takarda. A wurare da dama mai kuɗi da lauya ne ya saye. A zamanin Porfirio Díaz, wanda ya riƙe ƙasar daga 1876 zuwa 1911, dokar 1883 ta ba kamfanonin awon ƙasa kashi ɗaya bisa uku na duk filin da suka auna a matsayin wanda ba shi da mai shi, kuma ƙauyen da ba shi da takardar zamani ana lissafa filinsa cikin waɗanda ba su da mai su. Layin dogo ya tashi daga kimanin kilomita 640 a 1876 zuwa fiye da 19,000 a 1910. Duk inda ya ratsa, farashin ƙasa ya tashi, kwaɗayin ƙwace ta ma ya tashi.

Labarin Manuel Lozada na yankin Tepic ya nuna yadda lamarin ke cakuɗewa. Ya fara da tare hanya, ya zama jagoran ƙauyukan 'yan asalin ƙasa masu neman a mai da musu gonakinsu, ya kuma haɗa kai da Maximilian. Jaridun birni suka raɗa masa Damisar Álica. A Janairu 1873 ya nufi birnin Guadalajara da dubban mutane, aka ci shi da yaƙi, aka harbe shi a Yuli na shekarar. Ɗan fashi ne, ɗan tawaye ne, mai kare gonaki ne, kuma kowane daga cikin ukun gaskiya ne. Jarida ta zaɓi ɗaya ta binne sauran.

Ranar da ɗan fashi ya zo da takardun gona

A 1896 jaridun nan biyu suka rufe. A shekarar ne Rafael Reyes Spíndola ya kafa El Imparcial da tallafin gwamnatin Díaz, ana sayar da ita kan sentabo ɗaya, farashin da babu mai iya gasa da shi. Saƙonta shi ne an gama da fashi, oda da ci gaba sun tabbata. Ana fito da Rurales cikin ado a faretin bukukuwan ƙasa don jakadu su gani, alhali rundunar ba ta wuce mutum dubu biyu da ɗoriya ba a ƙasa mai girman gaske. Fiye da kashi biyu bisa uku na jama'ar ƙasar ba su iya karatu ba, saboda haka mutanen birni ne ke rubutu game da mutanen karkara, don mutanen birni su karanta.

A 1909 ƙauyen Anenecuilco, a Morelos ɗin nan ta Plateados, ya zaɓi wani matashi mai horar da dawaki, Emiliano Zapata, ya shugabanci majalisar gari, aka damƙa masa tsofaffin takardun gonakin da gandayen rake suka cinye. Ya bi ta ofis da kotu, bai samu ba. Da juyin juya hali ya ɓarke a 1910 ya ɗauki makami. A 1911 El Imparcial ta kira shi Atila na zamani, da sunan sarkin yaƙin da ya addabi daular Rum. A Nuwamba na shekarar ya fitar da shirinsa na Ayala, wanda jigonsa mai da gonaki ga ƙauyuka. An kashe shi ta hanyar yaudara a 10 ga Afrilu 1919, amma buƙatarsa ta riga ta shiga sashe na 27 na tsarin mulkin 1917, kuma tsakanin 1934 da 1940 Shugaba Lázaro Cárdenas ya raba wa manoma kimanin hekta miliyan 18.

Masu karanta jarida a birnin Meziko juyin ya zo musu bagatatan. Shekara hamsin suna da kalma ɗaya tak ga duk ɗan karkara mai bindiga, don haka ba su iya bambanta mai satar mutane da mai neman gonar kakansa ba.

Tambuwal: garin da aka kafa a bakin iyaka

Mu dawo gida. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri, Kebbe kuwa tana can ƙarshen kudu, a kwarin Gulbin Zamfara, tana iyaka da ƙasar Gummi ta Jihar Zamfara da kuma Jihar Kebbi. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɗauki tsarin ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a kan iyaka inda ake zaunar da malamai da mayaƙa da manoma, ana kuma jan makiyaya su zauna wuri ɗaya. Ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu shi ya zauna Tambuwal. Shi ma wannan tsari wani ra'ayin ci gaba ne, na gari da masallaci da kasuwa da makaranta a maimakon daji.

A yamma akwai Kabawa, waɗanda suka ƙi miƙa wuya. A 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi, Argungu ta zama cibiyarsu. A shekarun 1860 aka ƙulla yarjejeniyar da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, ta yi 'yan shekaru ta warware. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau a 1883, ya shahara da kai hari garuruwan Gwandu da Sakkwato. A rubutun malaman Sakkwato 'yan tawaye ne masu ta da fitina. A bakin maroƙan Argungu jarumai ne masu kare ƙasar iyayensu. Ga falke mai jakuna da ya taso daga kasuwar Jega zai nufi Gwanja neman goro, duk mai tare ayari ɗan fashi ne, ko tutar wa ya ɗauko. Shi ya sa ayari ke tafiya da madugu da jagaba da 'yan baka, yana biyan kuɗin wucewa daga wannan ƙasa zuwa waccan.

Da Turawan Ingila suka iso Argungu a 1902 suka sami tarba, sai 'yan tawayen jiya suka zama abokan gwamnati. A 15 ga Maris 1903 Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda jiya shi ne hukuma, ya zama wanda ake bi, har aka kashe shi a Burmi a Yuli na shekarar. Cikin shekara guda alƙalami ya koma wani hannu, sunaye suka juye.

Satiru, 1906

Turawa sun kafa hujjar mulkinsu a kan abin da ya yi kama da na 'yan bokon Meziko: sun zo ne su hana harin bayi, su buɗe hanyoyi, su kawo ciniki. Rahotannin shekara-shekara na Lugard cike suke da wannan. Satiru ce ta gwada hujjar.

Ƙauye ne kimanin mil 14 kudu da Sakkwato, wanda ya zama matattarar talakawa da bayin da suka gudu daga gandayen masu sarauta. A 1904 aka kama shugabansu bisa da'awar Mahadi, ya mutu a tsare. A farkon 1906 wani malami makaho, Shaibu Ɗan Makaho, ya iso daga ƙasar Zabarma bayan Faransawa sun murƙushe boren Kobkitanda, ya haɗu da Malam Isa, ɗan marigayin. Satirawa suka auka wa wani ƙauye maƙwabcinsu da ya ƙi bin su, suka kashe mutane. A 14 ga Fabrairu 1906 Muƙaddashin Razdan Hillary ya je kama shugabannin da sojojin doki. Mutane masu fartanya da gatari da kwari da baka suka kashe shi tare da Scott da Laftanar Blackwood da sojoji baƙar fata fiye da 20, suka ƙwace bindigar Maxim.

A 10 ga Maris rundunar Manjo Goodwin, tare da dawakan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, ta shafe garin. An ƙiyasta mutum 2,000 suka mutu, aka kwashe mata da yara kimanin 3,000, aka kashe Ɗan Makaho a Sakkwato, aka hana kowa sake zama a kufan. Har a Landan Winston Churchill, wanda ke ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, ya nuna rashin jin daɗinsa da girman kisan.

A 1906 babu jarida a Sakkwato. Labarin ya fita duniya ne ta wayar tangarahon gwamnati, kuma a can Satirawa tarkacen jama'a ne masu tsaurin ra'ayi. Masu sarauta ma ba su da dalilin kare su, tun da bayinsu ne suka gudu can. A 1990 Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka fito da binciken da ya nuna yadda bauta da haraji da talauci ke ƙarƙashin boren. An ɗauki shekaru masu yawa kafin tambayar da ta kamata a yi tun farko ta sami wuri a rubuce.

Daga Gaskiya zuwa Bakolori

Jaridar Hausa da ta yi tasiri ta zo a Janairu 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga Zariya, Abubakar Imam edita, Rupert East mai kula. Kamar El Imparcial, da kuɗin gwamnati aka kafa ta, da araha ake sayar da ita, kuma ta ɗauki wa'azin ci gaba aikinta: ilimin boko, tsabta, noman gyaɗa da auduga. Sai dai Imam ya buɗe ƙofar wasiƙun masu karatu, kuma a 1943 da ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma ya gana da Lugard ya zayyana masa koke-koken talaka game da mulkin En'e. Wannan gado ne mai kyau, na jaridar da ke wa'azi amma tana saurare.

Bayan 'yancin kai kalmar ta koma raya ƙasa, alamarta kuma madatsar ruwa. A kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori, aka kammala ta a 1978, shekarar da Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Tafkin ya tashi dubban mutane daga gidajensu. Manoma suka yi damina bayan damina ba su shiga gonakinsu ba saboda aikin share fili, diyya ta yi jinkiri ko ta ɓace a hanya. A ƙasan madatsar kuwa ambaliyar da ke shayar da fadamu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A 28 ga Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a ƙauyukan yankin. Hukuma ta faɗi adadin da bai kai talatin ba, masu bincike da 'yan adawa suka ce ɗaruruwa ne.

Manoman Bakolori ba 'yan fashi ba ne, kuma babu miƙaƙƙen zare daga 1980 zuwa dajin yau. Abin da Bakolori ta nuna shi ne tsarin nan na Morelos yana iya faruwa a ƙasar Hausa: aikin da aka tsara a birni da sunan ci gaba ya ɗauke wa mutum abin dogaronsa, in ya yi magana a lissafa shi cikin masu hana ruwa gudu. Makiyayi ma ya ɗanɗana irinta. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi wuraren kiwo, amma da yawansu da burtalolin da ke haɗa su noma ya cinye, wasu kuma aka yanka su gonaki aka raba wa manya, musamman a Zamfara bayan 1999.

Kada a mai da ɗan fashi gwarzo

Akwai kuskure na biyu, kishiyar na farko. A 1959 da 1969 masanin tarihi Eric Hobsbawm ya wallafa littattafai biyu da suka yaɗa ra'ayin ɗan fashin talakawa, wanda ke karɓa daga mai shi ya ba marar shi. Paul Vanderwood, wanda ya bi takardun Rurales ya wallafa bincikensa a 1981, ya ga wani abu daban. Yawancin 'yan fashin Meziko masu neman rabonsu ne a cikin tsarin, suna da abokan hulɗa cikin masu gandaye da 'yan kasuwa da jami'an hukuma, kuma suna sauya ɓangare duk lokacin da riba ta sauya. Plateados ba su raba wa kowa azurfa ba. Sun sace mata, sun ƙona ƙauyuka.

Mu ma shaidarmu a fili take. Kwamitin tsohon Sufeto Janar M.D. Abubakar da Jihar Zamfara ta kafa a 2019 ya lissafa mutum fiye da 190,000 da suka rasa matsugunansu da kuɗin fansa fiye da naira biliyan 3, ya kuma nuna yatsa ga wasu masu sarauta da jami'ai. Waɗanda aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoba 2021 ba masu gandaye ba ne. Manomin da ake ƙaƙaba wa haraji kafin ya girbe geronsa, da Bafillatanin da aka kore masa garke, su ne ke biya. Koke na gaskiya yana iya zama mafarin fitina, fitinar kuma ta girma ta zama sana'a mai dillalai da masu kai mai da masu sayen shanun sata a birni. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a laccarsa ta 2021, ya bi sawun wannan rikiɗa daga wajen 2011, da irin rawar da kisan gillar 'yan sa-kai ta taka wajen hura wutar.

Tambayoyin da mai karatu zai riƙe

A 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato. A Agusta 2022 hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar kamfanonin da suka nuna na BBC. Ana iya jayayya kan ko ya dace a miƙa wa mai kisa makirufo. Amma ƙasar da ta rage wa kanta hanyoyin jin abin da ke faruwa a karkara tana tafiya ne a turbar masu karanta El Imparcial. A daren 25 ga Disamba 2025 Amurka ta kai harin sama a Jihar Sakkwato, ta ce kan mayaƙan ISIS ne, ɓaraguzai suka faɗo a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal, mazauna garin suna tambayar me ya haɗa su da wannan suna. Sunan da aka raɗa a Abuja ko Washinton yana iya sauka a gonar mutum.

Saboda haka in labari ya zo daga Kebbe ko Tambuwal cewa an hallaka 'yan bindiga kaza, akwai abin tambaya. Wa ya ƙirga, kuma wa ya tabbatar su ne? An gurfanar da wani a kotu, ko duk a daji aka yanke hukunci? Rundunar tsaron al'umma da Jihar Sakkwato ta kafa a 2024, kamar takwarorinta na Katsina da Zamfara, wa take ɗauka, kuma gaban wa za a kai ƙararta in ta yi kuskure? In aka ji za a ba mai zuba jari hekta dubu a fadama ko a daji, wa ke noma ko kiwo a wurin yanzu, kuma sunansa yana cikin takardar? Shanun da aka kora, a wace kasuwa suka ƙare?

Waɗannan tambayoyi ba sa wanke mai laifi. Su ne ke raba mai satar mutane da mai kukan gona, don a hukunta na farko a saurari na biyu kafin ya bi sahun na farko. Masu karanta wannan shafi, lauyoyi da likitoci da ma'aikatan ofis da 'yan jarida, su ne ke zaune a kujerar da su Francisco Zarco suka zauna. Su ke rubuta rahoto, su ke sa hannu a takardar fili, su ke zaɓen kalmar da za ta hau kanun labari. 'Yan bokon Meziko masu kishin ƙasa ne, kuma layin dogon da suka yi mafarki an shimfiɗa shi. Abin da ya ci su shi ne sun yi shekara hamsin suna rubutu a kan mutanen Morelos ba tare da sun karanta takardun da ke ajiye a Anenecuilco ba.